Nazarin Lamari: Fitilar VSC da Sensar Sitiyari a Wata Corolla Ƙirar 2010

## Motar da tsarin da ake magana a kansa

Motar da wannan nazari ya shafa Toyota Corolla ce ƙirar 2010, mai inji lita 1.8 da giyar otomatik, irin wadda aka ƙera domin kasuwar Amurka, aka shigo da ita Najeriya a matsayin tokumbo. Mai ita ma'aikacin gwamnati ne da ke zaune a Kano, yana zirga-zirga da ita cikin gari a ranakun aiki, yakan kuma tafi garinsu a ƙarshen mako. Ta yi shekara uku a hannunsa babu wata fitilar gargaɗi da ta taɓa tsayawa a dashbod, kuma ba a taɓa kwance sitiyarinta ba.

Shekarar ƙirar tana da muhimmanci, domin daga ƙirar 2010 ne kamfanin ya sanya tsarin hana mota ƙwacewa, wanda yake kira VSC, a kowace Corolla da ake sayarwa a Amurka. Daga 1 ga Satumba 2011 kuma dokar ƙasar ta wajabta irin wannan tsari a kan dukkan sababbin ƙananan motoci, saboda haka tokumbon da ke fitowa daga can daga ƙirar 2012 zuwa sama suna ɗauke da shi, ko mai motar ya sani ko bai sani ba.

Aikin tsarin shi ne ya riƙa kwatanta inda direba yake nufin motar ta bi da inda take bi a zahiri. Nufin direba ana karanta shi daga sensar sitiyari, wata 'yar na'ura mai siffar zobe da ke zaune a bayan sitiyari, manne da faifan da wayoyin hon da na jakar iska suke naɗe a ciki. Ita ce ke sanar da kwamfutar birki digiri nawa aka murɗa sitiyari da kuma ɓangaren da aka murɗa shi. Halin da motar take ciki kuwa ana samunsa daga sensar gudun taya guda huɗu, da sensar juyawar mota, wadda ke ƙasan ɗakin motar tana auna yadda jikin motar yake juyawa da yadda yake fizga zuwa gefe. Kwamfutar tana zama kamar alƙali mai sauraren shaidu uku: idan bakinsu ya zo ɗaya ba ta tsoma baki, idan ta fahimci motar tana zamewa sai ta rage ƙarfin inji ta kama birkin taya ɗaya ko biyu domin dawo da ita kan layi, idan kuma ta ga ɗaya daga cikin shaidun ba abin yarda ba ne sai ta janye daga aiki gaba ɗaya ta kunna fitila.

Akwai wata sensa daban a jikin sandar sitiyarin wannan mota, wadda ke auna ƙarfin da hannun direba ya sa, domin injin lantarkin da ke sassauta sitiyari ya san yawan taimakon da zai bayar. Tana da kwamfutarta da fitilarta, kuma ba ta shiga cikin wannan lamari ba, sai dai an ambace ta ne saboda ana yawan haɗa su biyun a baki kamar abu ɗaya ne.

## Makon farko na Agusta: rami da gyaran ƙafa

Wata ranar Lahadi da yamma, ana tsakiyar damina, mai motar yana dawowa daga garinsu, tayar gaba ta dama ta faɗa wani rami da ruwa ya rufe, motar tana gudun kilomita 60 zuwa 70 a awa. Tayar ba ta fashe ba, amma daga nan motar ta fara janyewa gefe, ya lallaɓa da ita har gida.

Washegari ya kai ta wurin bakaniken unguwarsu. Da aka ɗaga motar aka ga tayirod na dama, wato sandar da ke tura taya idan an murɗa sitiyari, ya lanƙwashe, aka canza shi tare da sandar ciki da ke haɗa shi da rak, ƙarfen da sitiyari ke turawa hagu da dama. Bakaniken ya saita ƙafar da igiya da kuma ido, ya fi murɗa ɓangaren dama, wato wanda ya yi aiki a kai, sannan ya ɗan taɓa na hagu har ya ga tayoyin sun kalli gaba. Ba a cire kan batir ba, ba a kuma jona wa motar wata na'ura ba. Da aka fita gwaji motar ta daina janyewa sosai, amma idan tana tafiya miƙe sitiyarin yana karkace zuwa hagu, tambarin da ke tsakiyarsa yana kallon wajen ƙarfe 11 na agogo maimakon ƙarfe 12. Mai motar ya nuna masa, bakaniken ya ce: "Alhaji, ƙafa ce sabuwa, idan ta zauna zai miƙe da kansa."

## Mako na biyu: alamun farko

Kwana biyu bayan gyaran, fitilar VSC da fitilar santsi, mai hoton mota da layuka biyu a karkace, suka fara kamawa. Yadda suke kamawa yana da tsari, ko da yake a lokacin babu wanda ya lura da shi. Idan an tayar da mota da safe dashbod yana nan fes. Ana bin lungunan unguwa a hankali babu komai. Sai an hau babban titi an yi 'yar tafiya miƙe, fitilun su kama su tsaya. Da zarar an kashe mota aka sake tayarwa sai su ɓace, sai kuma an sake hawa titi.

Alama ta biyu ta fi tayar da hankali. Sau biyu a cikin makon, da safe, a shataletalen farko da yake bi bayan ya fito daga unguwa, motar ta yi ƙarar gargaɗi, fitilar santsi ta yi ta walƙiya, ya ji kamar an riƙe taya ɗaya, totur kuma ya ƙi amsawa na ɗan lokacin da bai wuce daƙiƙa biyu ba. Titin a bushe yake, gudun bai kai kilomita 40 ba. Fitilar inji ba ta kama ba, ta ABS (tsarin da ke hana taya kullewa idan an taka birki) ma haka, birki kuma yana ci yadda ya saba.

## Mako na uku zuwa na biyar: abin da aka gwada

Bakaniken ya tura shi wurin wani mai wayarin, wanda ya jona 'yar ƙaramar na'urar karanta matsala irin wadda ake haɗawa da waya. Na'urar ta nuna babu komai. Irin wannan na'ura kwamfutar inji kawai take iya tambaya, ba ta shiga ta birki ko ta jakar iska, amma a wurin an ɗauki amsarta a matsayin shaidar cewa motar lafiya lau take. Ya cire kan batir na kusan minti 10 ya mayar. Fitilun suka ɗauke na kwana biyu, a rana ta uku suka dawo kamar da.

A zuwa na biyu mai wayarin ya yi hasashen cewa tunda tayar dama ce ta bugu, sensar gudun wannan taya ce ta taɓu. Aka sayo wata aka sa. Babu abin da ya canza. Ya duba fiyus-fiyus ya same su lafiya, sannan ya ba da shawarar ko dai a kwance dashbod a rufe fitilun da baƙin salatif, ko a haƙura da su tunda mota tana tafiya. Mai motar ya ƙi yarda da salatif, saboda abin da ya faru da shi a shataletale ba fitila ce ta yi shi ba.

A mako na biyar aka samu wani mai na'urar da ke shiga kwamfutar birki. Ta fito da lambar matsala ɗaya, C1290, kuma a bayanin da ke gefenta akwai sunan sensar sitiyari. Ya goge lambar, ya ce sensar ta mutu, a nemo wata.

## Tsakiyar Satumba: an canza sensar

An sayo sensar a kasuwar kayan gyara, 'yar beljiyam, a haɗe da faifan wayoyinta kamar yadda aka ciro su daga wata mota. Sabon faifai yakan zo da ɗan makullin roba da ke riƙe shi a tsakiya har sai an ɗaura shi, wannan kuwa babu, yana juyawa sakaka a hannu. Mai wayarin ya kwance jakar iska da sitiyari, ya ciro tsofaffin kayan a haɗe, ya ɗora waɗanda aka sayo a yadda suka zo. Da zai mayar da sitiyari sai ya matsar da shi 'yan haƙora a kan sandarsa domin tambarin ya kalli sama idan mota tana tafiya miƙe, mai motar kuma ya ji daɗin hakan, domin karkatar da ta dame shi wata guda ta ɓace. Tsofaffin kayan aka sa a leda aka jefa a but.

Da yammacin ranar, yana juya motar a ƙofar gida ya murɗe sitiyari har ƙarshe zuwa dama, ya ji wani ɗan sauti kamar an karya tsinke. Daga nan hon ya daina aiki, fitilar jakar iska ta kama ta tsaya. Fitilun VSC kuma suka canza hali: ba sa jiran a hau titi, da an tayar da mota an ɗan murɗa sitiyari sai su kama. A haka ya ci gaba da hawa motar har mako biyu da 'yan kwanaki, ciki har da tafiya ɗaya zuwa garinsu.

## Farkon Oktoba: bincike daga tushe

Garejin da aka kai motar a wannan karo yana da cikakkiyar na'urar bincike da injin saitin ƙafa. Kafin a taɓa komai, mai garejin ya zaunar da mai motar ya sa shi ya jero abin da aka yi mata tun daga ranar rami, da lokacin da kowace alama ta fara, sannan ya tambaya ko tsofaffin kayan suna nan. Aka ɗauko ledar daga but aka ajiye gefe.

Aka fara da tambayar dukkan kwamfutocin motar, ba tare da an goge komai ba. Ta inji ba ta da lamba. Wannan ya kawar da wani dalili da ya zama ruwan dare a motocin Toyota na wannan zamani, inda matsalar inji kaɗai takan sa kwamfutar birki ta ajiye lamba C1201 ta kashe VSC, har a ga fitilun sun kama tare alhali sitiyari da birki lafiyarsu ƙalau. Motocin da aka cire wa tukunyar tace hayaƙi da yawa a haka suke yawo. Kwamfutar sassauta sitiyari ita ma ba ta da lamba. Ta jakar iska tana da B1801, wato layin jakar direba ya yanke. Ta birki tana da lamba biyu: C1290 da aka gani tun farko, da wata sabuwa, C1231. Babu U0126, lambar da ke fitowa idan kwamfuta ta daina jin sensar sitiyari kwata-kwata.

Lambobin biyu ba abu ɗaya suke nufi ba. Bisa littafin gyara na kamfanin, kwamfutar birki tana sake neman tsakiyar sitiyari duk lokacin da aka tayar da mota aka yi tafiyar kilomita 35 a awa ko fiye na kimanin daƙiƙa 5, tana kuma riƙe da tsakiyar da ta samu a baya. Idan sabuwar ta yi nisa da tsohuwar sai ta ajiye C1290, kuma gargaɗin yana ɗaukewa idan an kashe mota. Littafin ya ambaci abin da ke jawo hakan a fili: gyaran saitin ƙafar gaba ko matsar da sitiyari ba tare da an cire kan batir ba, ko ba tare da an sake saita sifilin sensar juyawar mota ba bayan aikin, wato matsayin da kwamfuta ke ɗauka cewa mota tana tsaye cak. C1231 kuwa tana fitowa ne idan aka samu alamar lalacewa daga sensar kanta ko daga layin da ke ba ta wuta.

Tunda C1231 tana iya zama ta waya ko ta wuta, aka bi wannan hanya tukuna. Batir ya nuna ƙarfin wuta bolt 12.6 a kashe, bolt 14.0 idan inji yana aiki. Da mota a kashe aka auna tsakanin ƙafa ta 6 da ta 14 na soket ɗin bincike da ke ƙarƙashin dashbod, wato wayoyi biyun da kwamfutocin motar ke magana da juna ta kansu, aka samu tsayayyar wuta om 61. Lafiyayyen layi yana ba da kusan om 60, domin akwai abin tsayayya na om 120 a kowane ƙarshensa, kuma littafin ya yarda da 54 zuwa 69. A soket ɗin sensar, wayar da ke kawo wuta kai tsaye daga batir ta ba da bolt 12.5, wadda ke kawowa idan an murɗa makulli ta ba da 12.4, wayar ƙasa kuma om 0.3 tsakaninta da jikin mota, inda ake buƙatar ƙasa da om 1. Aka girgiza wayoyin da hannu ana kallon mita, adadin bai motsa ba. Sai dai da aka haska tocila a cikin bakin sensar da aka sayo, biyu daga cikin ƙafafunta suna da tsatsa kore-kore, kuma a lungun robarta akwai busasshen laka mai laushi kamar gari, irin abin da ake gani a kayan motar da ta taɓa nutsewa a ruwa. Soket ɗin motar kansa tas yake.

Daga nan aka koma kallon abin da sensocin ke faɗa kai tsaye a fuskar na'ura. A gajeriyar tafiya, sensocin gudun taya huɗu sun nuna adadi ɗaya a kilomita 20 da kuma a 40, har da sabuwar da aka sa a dama. Sensar juyawar mota ta nuna kusan sifili a tsaye, ta hau idan an yi kwana hagu, ta sauka idan an yi dama. Aka dawo gareji aka ɗaga gaban motar har tayoyi suka bar ƙasa, yaron gareji yana murɗa sitiyari sannu a hankali daga tsakiya zuwa hagu, mai garejin yana kallon adadin. Ya riƙa hawa daidai har wajen digiri 90, sai ya tsaya cak alhali sitiyari yana ci gaba da juyawa, bayan ɗan lokaci ya yi tsalle da kusan digiri 200 a tashi ɗaya, sannan ya ci gaba. Aka maimaita daga dama, aka maimaita da sauri, aka goge tsatsar ƙafafun aka sake, kullum a wuri ɗaya yake tsayawa ya yi tsalle. Wuta tana zuwa, layin magana lafiya, waya ba ta rawa, amma adadin yana yankewa a kusurwa ɗaya. A nan ne aka tabbatar sensar da ke jikin motar ta lalace.

Sauran tambayar ita ce ta asali, wato abin da ya fara kunna fitilun tun a Agusta. Aka cire kan batir na ƙasa, aka jira fiye da daƙiƙa 90 da littafin ya gindaya kafin a taɓa jakar iska, aka kwance ta aka ajiye fuskarta tana kallon sama. Faifan da aka sayo, da aka ciro shi, yana juyawa babu iyaka ta ɓangare ɗaya, alamar wayar ciki ta tsinke. Lissafin abin da ya faru mai sauƙi ne. Faifan yana da zagaye kusan biyu da rabi kowane ɓangare daga tsakiyarsa, sitiyarin wannan mota kuma yana cin ɗan fiye da zagaye ɗaya da rabi kowane ɓangare, saboda haka rarar da ke tsakani ba ta kai zagaye ɗaya ba. Idan aka ɗaura faifan ya kauce wa tsakiya da zagaye guda kawai, murɗawa ta farko zuwa ƙarshe za ta tsinka shi.

Aka ɗauko tsohon faifan daga leda aka auna layukansa da mita, yana hannu, ana juya shi a hankali zuwa kowane ɓangare, duka suka tsaya ƙasa da om 1. Jakar iskar kanta ba a ɗora mata mita ba, domin 'yar wutar da mita ke turawa tana iya tayar da ita. Aka saita faifan a tsakiya ta hanyar da aka sani, wato a juya shi hagu har ya fara tauri sannan a dawo da shi dama zagaye biyu da rabi har alamominsa su haɗu, aka ɗora shi da tsohuwar sensar, aka mayar da sitiyarin a inda aka same shi na ɗan lokaci. Adadin tsohuwar sensar ya tafi sumul daga ƙarshe zuwa ƙarshe, babu tsayawa babu tsalle. Amma ya nuna wani abu: daga inda tayoyi suke kallon gaba, sitiyari yana tafiya digiri 555 zuwa hagu, digiri 625 zuwa dama. Rak ɗin ya kauce wa tsakiyarsa da digiri 35, kuma matsar da sitiyari da aka yi a Satumba ɓoye wannan karkata ya yi daga ido.

A ƙarƙashin motar aka samu sauran bayanin. Tsawon zaren da ya rage a waje a tayirod na dama da na hagu ya bambanta da milimita 8, inda littafin ya yarda da 1.5 ko ƙasa da haka. Injin saiti ya nuna tayoyin gaba sun buɗe waje da milimita 5, inda ake son sifili da rangwamen milimita 2, kuma gefen ciki na tayoyin biyu ya fara cinyewa. Da aka sa ƙarfe aka banƙare hannun ƙasa da ke riƙe da tayar dama, robarsa ta baya, wadda makanikai ke kira bushin, ta buɗe baki: ta tsage tun daga bugun rami, tana barin tayar ta ɗan matsa baya idan an taka birki, ta dawo idan an taka totur. Ma'ana, inda sitiyari yake tsayawa idan mota tana tafiya miƙe ba wuri ɗaya ba ne daga wannan tafiya zuwa waccan.

## Gyaran da aka yi

An yi aikin a rana ɗaya, bisa jerin da ke hana wani mataki ya ɓata na gabansa. Aka fara canza bushin, aka sa sababbin tayoyi biyu a gaba. Sannan aka nemo tsakiyar rak ta hanyar raba tafiyarsa biyu, digiri 590 kowane ɓangare, aka cire sitiyari aka sake tabbatar da tsakiyar faifan, aka mayar da sitiyarin miƙe a wannan wuri, aka ɗaure notinsa da ma'aunin ƙarfi a niyuton-mita 50. Aka kulle sitiyarin a tsakiya, aka saita ƙafa a kan inji ta hanyar murɗa tayirod biyun tare, har tayoyin suka tsaya a sifili, bambancin zaren ya dawo ƙasa da milimita 1.

Bayan an mayar da jakar iska da kan batir, aka ajiye motar a daɓen da yake shimfiɗe babu gangara, giya a P, sitiyari a tsakiya, inji a kashe amma makulli a buɗe, babu mai jingina da ita. Da na'ura aka goge sifilin da kwamfutar birki ta haddace, aka sa ta ɗauki sabo na sensar juyawar mota. Aka goge lambobin duka, aka fita aka yi tafiya miƙe a gudun da ya haura kilomita 40 domin ta kama tsakiyar sitiyari, aka bi ta shataletale hagu da kwana dama, aka kashe aka tayar aka sake zagayawa. Babu fitilar da ta kama, hon ya dawo, kuma da aka sake tambayar kwamfutocin babu lamba ko ɗaya. A wani fili mai yashi aka taka totur da ƙarfi daga tsaye, fitilar santsi ta yi walƙiya ta ɗauke, wanda ya nuna tsarin yana aiki, ba shiru kawai ya yi ba.

## Bayan mako biyu, da bayan wata uku

An sake jona na'ura bayan mako biyu, babu lamba. A farkon Janairu, da motar ta zo canjin mai, aka duba tayoyin gaba suna cinyewa daidai, sitiyari yana miƙe, abin da ya faru a shataletale bai sake faruwa ba.

## Hukunci

Sensar motar ta asali ba ta taɓa lalacewa ba. A cikin Agusta gaskiya take faɗa, cewa sitiyari yana karkace da digiri 35 alhali mota tana tafiya miƙe, kuma duk alamun wancan lokaci sun dace da haka. Da safe, kafin motar ta samu miƙaƙƙiyar hanyar da kwamfuta za ta nemi sabuwar tsakiya, tana aiki ne da tsohuwar, shi ya sa a shataletalen farko ta ga direba ya murɗa sitiyari fiye da yadda motar ke juyawa, ta ɗauka zamewa ce, ta kama birki ta rage inji. Da an hau titi ta gano saɓanin sai ta ajiye C1290 ta janye. Cire kan batir ya kawo sauƙin kwana biyu, amma bai miƙe ƙafa ba, bai saita sensar juyawa ba, bai kuma hana tsagaggiyar roba sauya tsakiyar sitiyari kullum ba.

Kuskuren da ya fi kowanne tsada shi ne na mako na biyar, inda aka ga sunan sensar a gefen lamba aka yanke mata hukunci ba tare da an kalli adadin da take bayarwa ba. Na'urar da ta karanto C1290 tana iya nuna wannan adadi, kuma murɗa sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe ana kallonsa ba zai ɗauki minti biyar ba. Da an yi haka, da an ga adadi mai tafiya sumul wanda ya fi yawa a dama, kuma wannan kaɗai ya isa ya mayar da hankali ƙarƙashin mota. Laifin bakaniken farko ya fi sauƙi a wurina, domin ya canza abin da ya lanƙwashe da gaske. Gazawarsa ita ce rashin tura motar wurin injin saiti, da rashin duba sauran ƙafar da ta sha bugun. Canza sensar gudun taya kuwa hasashe ne tsagwaronsa, fitilar ABS ma ba ta kama ba.

Sensar da aka samu da lalacewa ta gaskiya ita ce wadda aka sayo domin gyara, kuma ba a yanke mata hukunci ba sai da abubuwa huɗu suka taru: wuta da wayar ƙasa lafiya, layin magana lafiya, adadi yana yankewa a wuri ɗaya kowane gwaji, sannan wata sensar a soket ɗin nan ɗin ta yi aiki daidai. Ba sayen kayan beljiyam ne aibin ba, domin da yawa suna da kyau, kuma sau da yawa su kaɗai ake samu; aibin shi ne ɗaura su ba tare da an haska bakinsu ba, ba tare da an jona an gwada ba, ba tare da an saita faifan a tsakiya ba.

Abin da ya fi haɗari a lamarin duka bai shafi VSC ba. Tun daga yammacin da faifan ya tsinke har ranar gyara, motar ta yi fiye da mako biyu a kan hanya, har da tafiyar babban titi, babu hon, kuma layin jakar iskar direba a yanke yake, ta yadda ko an yi karo ba za ta tashi ba. Mai motar ya mayar da kayan da ya sayo kasuwa da hoton tsallen adadin a wayarsa, mai shagon ya ƙi karɓa, bisa hujjar cewa faifan lafiyarsa lau ya bar shago.